Kukan Firjin Baba Ɗantani

In ka shiga asibitin Talata Mafara ka bi ta gefen ɗakin haihuwa, ka wuce famfon da mata ke wanke kwanoni, za ka iske wani dogon ɗaki mai fuskantar bishiyar darbejiya. Nan ne ɗakin gwaje-gwaje, inda ake ɗibar jini da fitsari a duba. A ƙuryarsa akwai wani ɗan ɗaki kuma, wanda ko me aka rubuta a saman ƙofarsa, mutanen Talata Mafara ɗakin Ɗantani suke ce masa.

Ɗantani ba likita ba ne, bai kuma taɓa cewa shi likita ne ba, ko da yake in tsofaffin ƙauye suka ga farar rigarsa suka rusuna suka ce masa likita, ba ya cika gyara musu. Aikinsa tsaron sanyi ne. A ɗakin akwai babban firji na ajiye jini, da ƙarami na magungunan gwaji, da wani akwati mai ɗumi inda ake renon ƙwayoyin cuta don a gane irinsu. Kowanne da lambar da ke haske a goshinsa. Na jini dole lambarsa ta tsaya tsakanin biyu da shida. In ta haura jini ya lalace, in ta yi ƙasa ya daskare, nan ma ya lalace. Kowanne kuma da 'yar ƙararrawarsa, wadda in an ɗauke wuta ko zafi ya fara shiga sai ta ɗauki wani siririn ƙara ba ƙaƙƙautawa. Ma'aikata ba sa cewa ƙararrawa, cewa suke firji na kuka. Da ya yi kuka kuwa Ɗantani zai miƙe, ya duba ko ƙofa ce ba ta rufu ba, in wuta ce ya ruga bayan ɗaki ya ta da janareto.

Haifaffen Ruwan Gizo ne. Da noma ya tashi kamar kowa, sai dai tun yana saurayi hankalinsa na kan inji. Ya tafi Bakura ya kama aiki a injin casar shinkafa, shekara da shekaru yana tsaye cikin wannan rugugin daga safe har magariba, ana magana da hannu da ido. Daga can aka ɗauke shi mai kula da janareton asibiti. Da aka kawo firjin jini sai aka ga babu wanda ya fi dacewa ya zauna kusa da shi kamar wanda zai ta da wuta in ta ɗauke. Haka aka sa masa kujera a ɗakin, yana kanta har kansa ya yi furfura.

Mutum ne mai sanyin hali, amma a kan firjin nan ba shi da aboki. In azumi ya faɗo cikin bazara babu irin lallashin da ba a yi masa. Wannan ta zo da gorar zoɓo, wancan da ledar ruwa, a ce Baba ɗan lokaci kaɗan ne kafin a sha ruwa. Sai ya yi murmushi, ya tambayi lafiyar gida, ya raka mutum har bakin ƙofa da gorarsa a hannu. Abin da ya gani ne ya hana shi wasa. Ya sha ganin an sauko da mace daga bayan babur, daga Garbadu ko wani ƙauyen Maradun, haihuwa ta zo da gardama, idonta ya yi fari fat, 'yan'uwa sun jeru a benci suna naɗe hannun riga. Jinin da aka ɗiba a jikinsu, in an gama gwada shi, hannunsa ake danƙa wa. Yakan karɓi ledar ya sa ta a ciki da bisimilla, daga nan kuma ta zama amana a wuyansa.

Abin ya zo masa ne a hankali, ta inda bai zata ba. 'Yan tsakin matarsa Batulu ne suka fara yin shiru. Yana ganinsu suna bin uwarsu a tsakar gida baki buɗe, amma ba ƙara, sai ya ce a ransa kajin bana ba su da surutu. Daga nan tsuntsayen darbejiya suka bi sahu. Sannan muryar Batulu kanta, wadda dama siririya ce, ta fara zo masa guntu-guntu kamar rediyon da batirinsa ya yi sanyi. Manyan sauti suna nan: kiran salla, rurin janareto, muryar maza in sun fuskance shi sun buɗe baki. Sirara ne suka tafi. Ranar da ya gane inda abin ya dosa, yana zaune ne a kujerarsa ya ga jar fitilar ƙaramin firji tana ƙiftawa. Ya tashi ya kara kunnensa a jikin ƙarfen, sai can ƙasa-ƙasa ya jiyo kukan, kamar daga wata unguwa. Ya ji tsoro ƙwarai, irin wanda rabonsa da shi tun yana yaro.

Bai faɗa wa kowa ba. Kuma in dai mutum so yake ya kurumce a ɓoye, babu inda za a rufa masa asiri kamar garin nan, albarkacin gaisuwa. Kowa ya san layinta. Ina kwana, lahiya lau. Ina aiki, da godiya. Ina iyali, lahiya lau suke. Ina labari, sai alheri. Ba sai ka ji tambayar ba, ka dai san inda aka kai, ka ba da amsa ka jira ta gaba. Ɗantani dama gwanin gaisuwa ne, sai ya ƙara mata tsawo. Kafin a gama, mai magana ya manta abin da ya kawo shi, ko ya gaji ya nuna da hannu. Sauran zance kuma "to, to" da "madalla" sun wadatar. Ma'aikata har cewa suka riƙa yi Baba ya ƙara dattako.

Tsoronsa ɗaya ne, kada a gane a ce ya koma gida ya huta. Mutumin da aka ajiye don ya ji kuka, in ya daina ji, zaman me yake yi? Don haka ya ɗora wa idonsa aikin kunne. Ya juya kujerarsa ta fuskanci lambobin. Ya daina zuwa teburin mai shayi na bakin ƙofar asibiti. Abincin da Batulu ke aiko masa a bakin ɗakin yake ci, rabin jikinsa a ciki. Salla kaɗai ke fitar da shi, ita ma da an sallame ya shafa ya taso.

Batulu ta riga kowa sani. Matar da ta yi shekaru tana kiran mutum daga madafa yana amsawa, ba irin wannan ake ɓoye mata ba. Ba ta ce komai ba, ta dai daina yi masa magana ta baya. Takan zo ta dafa kafaɗarsa, ta zagayo gabansa, sannan ta yi maganarta dalla-dalla. Wata ranar hutu da yamma, tana tsintar shinkafa yana zaune kan tabarma, ta ajiye faifan ta matso.

"Malam, ka hwaɗa ma Malama Zakiyya."

Zakiyya ita ce shugabar ɗakin gwaje-gwajen, 'yar Maradun, sa'ar babbar 'yarsu.

"In hwaɗa mata mi?"

Batulu ta ɗaga hannu ta taɓa kunnenta.

Ya girgiza kai. "Idona lahiya lau yake, Batulu. Ina ganin lamba."

"In ka tahi alwala idon nan ba ya bin ka? Ko ɗakin kake barin shi?"

Wannan karon ya ji ta sarai. Ya dai ce, "To, to," ya miƙe ya shiga ɗaki.

Abin ya faru ne wata Talata cikin bazara, kasuwa na ci, rana kamar ta sauko ƙasa. Tun da safe wani manomi daga Garbadu mai suna Mas'udu ya kawo matarsa Adama. Ɗan da ke cikinta ya kwanta a gicciye, likita ya ce sai an yi mata tiyata bayan la'asar, kuma sai an tanadi jini. Mas'udu ya miƙa hannu aka ɗiba. Zakiyya ta gwada, ya yi daidai da na matar, Ɗantani ya karɓa ya adana. Shi kuwa Mas'udu ya samu benci a ƙarƙashin tagar ɗakin ya zauna da 'yar auduga a gwiwar hannu, ko ruwa aka ce ya je ya sha sai ya ce ba komai.

Da aka kira azahar Ɗantani ya duba lamba, tana kan huɗu. Ya ja ƙofa, ya ɗauki buta ya nufi gindin darbejiya. Bai gama tsugunnawa ba aka ɗauke wuta, na'urar da ya kamata ta juya firjin kan batir kuma ta ƙi juyawa. Firji ya fara kuka. Zakiyya tana can ɗakin masu jinya, sauran ma'aikatan wasu sun nufi masallaci, wasu sun leƙa kasuwa. Babu wanda ke kusa sai Mas'udu.

Mas'udu bai san ko kukan mene ne ba, amma ya san jininsa na cikin ɗakin nan. Ya tashi ya iske tsohon yana wanke ƙafa. Da yake yaro ne mai tarbiyya, bai tsaya a kansa ya kwarara masa magana ba. Ya rusuna daga gefe, ya sunkuyar da kai, ya yi ƙasa da murya, ya kuma fara daga inda ake farawa.

"Sannu Baba. Ina wuni?"

Ɗantani ya ga inuwar mutum a gefensa. "Lahiya lau."

"Ina aiki?"

"Da godiya."

"Baba, wani abu na ta kuka cikin ɗakin nan naka."

A lissafin Ɗantani an kai kan iyali. "Lahiya lau suke, alhamdu lillahi," in ji shi, yana cuɗa tsakanin yatsu.

Mas'udu ya ƙara rusunawa. "Ba komi ke nan, Baba?"

"Sai alheri, sai alheri."

To, babba mai farar riga ya ce sai alheri, wane ne Mas'udu da zai ja? Ya koma bencinsa ya zauna, kukan na shiga kunnensa ta taga, yana ba kansa haƙuri cewa haka kayan asibiti suke yi.

Kamar da gangan kuma, ranar ce Ɗantani ya yi abin da ya daɗe bai yi ba. Ana sallamewa wani tsohon abokin aikinsa na injin Bakura, wanda ya zo cin kasuwa, ya kama hannunsa. Mutumin shi ma inji ya koya masa magana, murya gare shi kamar ganga. Ɗantani ya ji kowace kalma ta shiga kunnensa tas, ba sai ya yi ta kintace ba. Ashe ya yi kewar hira haka? Suka tsaya a inuwa suna tuna waɗanda suka rasu da waɗanda suka rage, yana dariya har da riƙe ciki, lokaci na tafiya.

Da ya dawo, tun daga nesa ya ga ƙofar a buɗe. Fanka a tsaye. Zakiyya ta durƙusa a gaban firji, mayafinta ya zame, tana kwashe ledojin jini tana jerawa a akwatin ƙanƙara. Jar fitila na ƙiftawa, lamba ta kai shida. Bai san lokacin da ya yar da buta ya zagaya baya ba. Da janareto ya kama ya dawo yana haki, sai ya iske Mas'udu a bakin ƙofa, wannan karon tsoro ya buɗe masa murya.

"Wallahi Malama na hwaɗa ma Baba! Nic ce mishi wani abu na kuka, yac ce mini lahiya lau suke!"

Ba ƙara yake kai shi ba, bawan Allah, kansa yake wankewa. Amma Ɗantani ya ji duka, babu wadda ta kuɓuce masa. Ya tsaya riƙe da ƙyauren ƙofa, ya rasa inda zai sa fuskarsa. Zakiyya ba ta dube shi ba. Ta rufe akwatin ta ce wa Mas'udu, "Jininka bai taɓu ba. Koma ka zauna, Allah shi sauke ta lahiya."

Bayan la'asar aka yi tiyata. Adama ta samu 'ya mace, ta zubar da jini da yawa, aka ƙara mata na mijinta, ta farfaɗo. Kafin magariba Mas'udu ya zo ya kama hannun Ɗantani da hannu biyu yana ta godiya, yana cewa ashe da gaskiyar Baba, lafiya lau ɗin ce. Wannan godiyar ta fi zagi yi masa ciwo.

Da ya koma gida Batulu ta ajiye masa tuwo bai taɓa ba. Ta zagayo gabansa ta tsuguna.

"Yau na kusa kashe matar mutane da gaisuwa, Batulu," in ji shi.

Ya ba ta labari tun daga buta har akwatin ƙanƙara. Ba ta ce ai na faɗa maka ba, ko da yake tana da ikon cewa. Ta ɗauki farar rigar da ya cire ta wanke ta, da safe ta goge ta da dutsen guga na gawayi, ta ninke ta ba shi. Ba a jikinsa ya tafi da ita ba, a hannu ya riƙe.

Ya iske Zakiyya ita kaɗai. Ta miƙe za ta fara gaishe shi, ya ɗaga hannu ya tsayar da ita, abin da bai taɓa yi wa kowa ba.

"Malama, kunnena ya tahi. Ba jiya ba, ya daɗe. Ban cancanci zama ɗakin ga ba."

Ta zagayo tebur ta tsaya daidai gabansa, ta ɗaga murya yadda zai ji. "Na sani, Baba."

"Kin sani?"

"Tun randa nic ce maka an kwantar da Innata asibiti Gusau, kac ce mini madalla."

Ya kama baki. Ita kuma dariya ta kuɓuce mata, idonta na kawo ruwa. "Na rasa ta inda zan hwara ne. Kai sa'an babana na, Baba. Da wane baki zan ce maka ba ka ji?" Ta karɓi rigar da hannu biyu. "Ka tahi gida ka huta. Zan aiko."

Ya san wannan maganar. Haka ake sallamar mutum in ana jin nauyinsa. Ya yi mata godiya, ya fita bai leƙa ɗan ɗakin ba, don ya san in ya leƙa ba zai iya tafiya ba.

Zaman gida bai karɓe shi ba. Ya gyara ƙofar akurki, ya gyara ta kuma. Ya je Ruwan Gizo ya duba gona alhali ko ruwan fari bai sauka ba. In yana kwance a ɗaki fanka ta tsaya, sai ya zabura ya nemi takalmi, sai ya kai tsakar gida sannan ya tuna babu inda za shi. Batulu na kallonsa daga madafa, tausayinsa ya cika ta, takan kau da kai don kada ya ga ta gani.

Da saƙon Zakiyya ya zo ta wayar Batulu, ya ɗauka takardun sallama ne suka fito. Ya sa rigarsa ta zuwa Juma'a ya tafi. Ba ofis ta kai shi ba, ɗan ɗakin ta shiga da shi. Kujerarsa na nan, farar rigar na rataye a bayanta. A saman babban firji kuma an ɗora wani ɗan farin akwati da bai kai tafin hannu biyu ba, da siririyar waya da ta shige ciki.

Ta fuskance shi ta yi masa bayani. An gyara na'urar batir. Wannan akwatin kuma da nasa batirin da nasa layin waya. In wuta ta ɗauke ko lamba ta motsa daga inda ya kamata, da kansa zai buga waya, ya kira ta, ya kuma kira mutum na biyu. Ta ce ta kuma yi magana da likitan kunne a Sakkwato, za su je a duba shi. Ɗantani na gyaɗa kai, zuciyarsa na ƙara nauyi. Ga abin da aka kawo a madadinsa ke nan, ko kunne ba shi da shi amma ya fi shi.

"Ina wayarka, Baba?"

Ya ciro 'yar tsohuwar wayarsa da aka ɗaure da roba. Ta danna nan ta danna can, ta miƙa masa ta nuna aljihun gaban rigarsa. Ya saka.

"Juya ma firjin baya."

Ya dube ta. Rabon da ya ba firjin nan baya yana cikin ɗakin har ya manta. Amma ya juya. Babu abin da ke gabansa sai bango. Bai ga lokacin da ta sunkuya ta zare wayar wutar firjin daga soket ba, bai kuma ji kukan da ya cika ɗakin ba. Yana nan tsaye, hannuwansa a sake, kunya na neman kama shi, sai wani abu ya girgiza a ƙirjinsa. Ya tsaya, ya sake girgiza, da ƙarfi, daidai kan zuciyarsa. Ya kai hannu ya dafe aljihun da wayar take.

Zakiyya ta zagayo gabansa, kan wayar wutar a hannunta.

"Baba, ka ji?"

Ya bar abin ya ƙara motsi ƙarƙashin tafinsa, don ya tabbata.

"Na ji," in ji shi. "Wallahi na ji."

Hawaye suka zubo masa. Ya yi maza ya juya wajen firjin don kada yarinyar ta gani, sai idonsa ya sauka kan jar fitila tana ƙiftawa. Ya share fuska da hannun riga, ya miƙa mata hannu.

"To kawo in mai da wutar, ɗiyata. Jinin mutane na ciki."